Dokokin Yaɗa Labarai da Maslahar Jama'a: Darasi daga Fatakwal, Anaca da Inugu

Kafafen yaɗa labarai a Najeriya suna aiki a ƙarƙashin dokoki iri biyu. Akwai waɗanda suka ba ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayinsa da jin na wasu, har ya kafa jarida idan yana da hali. Akwai kuma waɗanda suka sa wa wannan 'yanci iyaka domin kare mutuncin mutane da zaman lafiyar ƙasa. Duka biyun da maslahar jama'a suke kafa hujja. Mai mulkin da ya sa aka tsare ɗan jarida yakan ce don jama'a ya yi, ɗan jaridar ma yakan ce don jama'a ya rubuta. Abin da kotuna suka daɗe suna fama da shi shi ne wa ke da hurumin raba wannan gardama, kuma da wane ma'auni. Biyu daga cikin shari'o'in da suka fi tasiri a kan batun an yi su ne a garuruwan da Hausawa suka daɗe suna zaune suna fatauci: ɗaya a Fatakwal, ɗaya kuma ta faro daga Anaca ta ƙare a Inugu.

Abin da tsarin mulki ya tanada

Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin bayyana ra'ayi, da karɓar bayani da isar da shi ba tare da katsalandan ba. Sashe na 22 ya ɗora wa jaridu da rediyo da talabijin nauyin sa ido a kan gwamnati, su tabbatar tana yi wa jama'a bayanin ayyukanta. Sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai ƙara kotu a nemi a tilasta aiki da shi, don haka a gaban alƙali sashe na 39 ne ke da haƙori. Sashe na 45 kuma ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita 'yancin magana saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu, da sharaɗin dokar ta kasance irin wadda hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Kusan duk rigimar da ake yi tsakanin hukuma da 'yan jarida a kan wannan sharaɗi take.

Tsarin mulkin ya bambanta jarida da gidan rediyo. Kowa na iya kafa jarida. Gidan rediyo ko talabijin kuwa, in ba gwamnatin tarayya ko ta jiha ba, babu mai buɗe shi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Dalilin da aka saba bayarwa shi ne mitocin da ake watsa shiri a kansu ƙidayayyu ne, kuma dukiyar kowa da kowa ce. Idan tashoshi biyu suka hau mita ɗaya a gari ɗaya, ba wadda za a ji. Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: rediyo na isa kunnen wanda bai taɓa shiga aji ba, kuma a tarihin ƙasar nan masu juyin mulki gidan rediyo suke fara kamawa.

Dokokin kula da jaridu sun girmi ƙasar da kanta. Turawan mulkin mallaka sun kafa dokar jaridu a 1903, suka bi ta da dokar hana tunzura jama'a a kan hukuma a 1909, tun kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914. Duk da haka jaridu suka yi ta ƙaruwa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, Nnamdi Azikiwe ya kafa Eastern Nigeria Guardian a Fatakwal a 1940, sannan Nigerian Spokesman a Anaca a 1943. Da aka sami 'yancin kai a 1960, dokokin Turawan ba su bi su gida ba. Sababbin masu mulki sun gaje su, suka kuma ga suna da amfani.

Shari'ar Amakiri a Fatakwal

Minere Amakiri wakilin jaridar Nigerian Observer ne a Fatakwal, jaridar da ake bugawa a Binin. A ranar 30 ga Yuli 1973 jaridar ta fito da rahotonsa a kan koke-koken malaman makaranta na Jihar Ribas. Ranar ta zo daidai da cikar gwamnan soja na jihar, Alfred Diete-Spiff, shekara 31 da haihuwa, aka ɗauki abin a matsayin cin fuska. Dogarin gwamna, Ralph Iwowari, ya sa aka kawo ɗan jaridar, aka aske masa kai, aka yi masa bulala 24, aka kulle shi har ya kwana. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a kuma karanta masa wata dokar da ya karya ba.

Jaridun ƙasar suka yi ca a kan lamarin. Lauya Gani Fawehinmi ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Fatakwal, kuma a 1974 Mai Shari'a Ambrose Allagoa ya yanke cewa abin da aka yi wa Amakiri ya saɓa doka, ya ba shi diyyar naira 10,000. A wancan zamani, da naira ba ta daɗe da maye gurbin fam ba, wannan kuɗi ne masu kauri.

Muhimmancin shari'ar yana cikin lokacin da aka yi ta. Soja ne ke mulki, babu majalisar dokoki, alƙalin kuma a cikin jihar gwamnan yake zaune. Duk da haka kotu ta raba abubuwa biyu da masu riƙe da madafun iko suka saba cakuɗawa, wato ɓacin ran shugaba da cutar da jama'a. Kukan malamai a kan haƙƙinsu magana ce da ta shafi duk mai ɗa a makaranta. Fitowarta ranar bikin gwamna ba ta mayar da ita laifi ba. Har yau ɗaliban aikin jarida da na lauya a Najeriya suna karanta wannan shari'a.

Daga Anaca zuwa Inugu: shari'ar Nwankwo

Laifin tunzura jama'a a kan hukuma yana cikin sashe na 50 zuwa na 52 na kundin laifuffukan da ake aiki da shi a Kudu. A taƙaice, ya haramta buga abin da zai sa mutane su tsani gwamnati ko su raina ta. A 1961 kotun ƙoli ta wancan lokaci ta amince da wannan doka a shari'ar Chike Obi, masanin lissafi kuma ɗan siyasar Anaca, wanda aka kama da laifi saboda wata ƙasida da ya raba yana sukar gwamnatin tarayya.

Bayan shekara ashirin maganar ta sake tasowa. A 1982 Arthur Nwankwo, marubuci mai kamfanin buga littattafai a Inugu, ya fitar da littafi a kan yadda Gwamna Jim Nwobodo yake mulkin tsohuwar Jihar Anambra, yana zarginsa da abubuwa masu nauyi. Babbar Kotun Anaca ta same shi da laifin tunzura jama'a, ta ɗaure shi wata 12. Ya ɗaukaka ƙara, kuma a 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Inugu ta rushe hukuncin. Alƙalan sun ce dokar ta ci karo da 'yancin magana da Tsarin Mulkin 1979 ya bayar. Hujjarsu ita ce an yi dokar ne don kare sarautar Ingila da wakilanta daga mutanen da aka mallaka, alhali yanzu jama'a ne ke zaɓen shugabanninsu, kuma wanda ya nemi ƙuri'a dole ya jure suka. Idan yana ganin an yi masa ƙarya, ƙofar kotu a buɗe take ya kai ƙarar ɓata suna kamar kowa, amma ba zai ari ƙarfin gwamnati ya ɗaure mai sukarsa ba.

Hukuncin bai kashe dokar baki ɗaya ba, domin majalisa ba ta goge ta daga kundi ba. A 2006 an gurfanar da 'yan jarida biyu, Gbenga Aruleba na AIT da Rotimi Durojaiye na Daily Independent, da irin wannan tuhuma a kan rahoton jirgin saman shugaban ƙasa, daga baya aka janye tuhumar da ake yi wa Aruleba. Dokar da kotu ta raunana amma aka bar ta a rubuce tana iya sa mutum ya kwana a caji ofis kafin lauyansa ya tuna wa kowa da hukuncin Inugu.

Shekara ɗaya bayan hukuncin Inugu na 1983 soja suka nuna cewa suna iya rufe ƙofar da kotu ta buɗe. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta haramta buga abin da zai kunyata jami'in gwamnati, kuma da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara ɗaya kowannensu. An soke ta a 1985.

Hukumar kula da rediyo da talabijin

Har zuwa 1992 gwamnati kaɗai ke da gidajen rediyo da talabijin. Kowane yanki da nasa: na Yamma a Badun tun 1959, na Gabas a Inugu tun 1960, na Arewa a Kaduna tun 1962. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC, ta buɗe fagen ga 'yan kasuwa. Raypower ta fara watsa shiri a Legas a 1994, yau kuma Fatakwal kaɗai tana da tashoshi masu zaman kansu da dama ban da Rediyon Ribas da Treasure FM ta tarayya.

Hukumar tana karɓar takardun masu neman lasisi, ta tantance, ta miƙa wa Shugaban Ƙasa ta hannun ministan yaɗa labarai. Doka ta hana ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi. Hukumar tana da kundin ƙa'idoji da ya shafi labarai, da talla, da shirye-shiryen siyasa da na addini, da kare yara. Wata ƙa'ida da mai sauraro ya kamata ya sani ita ce tasha ce ke ɗaukar alhakin duk abin da ya fita ta bakinta, ko da baƙo ne ya faɗa ko mai bugo waya. Shi ya sa mai gabatar da shiri yakan katse wanda ya fara zagi ko ya ambaci sunan wani da zargin da ba shi da hujja. Ba raini ba ne, lasisin gidan yake karewa. Haka nan tallan magani: mai maganin gargajiyar da ya sayi fili yana cewa ƙullinsa ɗaya na warkar da ciwon suga da hawan jini ya jefa tashar cikin laifi, domin irin wannan talla sai da amincewar hukumar NAFDAC da ta masu kula da tallace-tallace.

Inda ake ja-in-ja shi ne hukunci. A Fabrairun 2013, bayan an kashe ma'aikatan rigakafin shan inna a Kano, hukumar ta dakatar da Wazobia FM ta Kano saboda wani shiri da aka yi a kan rigakafin kwanaki kaɗan kafin harin. A 2020 an ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, kuma a watan Agusta na shekarar aka ci tashar Nigeria Info ta Legas wannan tara saboda hirar da ta yi da Obadiah Mailafia. A Agustan 2022 aka ci Trust TV miliyan 5 saboda shirinta a kan 'yan bindigar Arewa maso Yamma. Hukumar ta ce shirin ya kambama 'yan ta'adda. Tashar ta ce ta nuna wa ƙasa halin da mutanen Zamfara suke ciki ne. Kowane ɓangare maslahar jama'a ya ambata.

A ranar 10 ga Mayu 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar kan tarar naira 500,000 da aka ci kowace daga cikin tashoshi 45 a 2019. Ya ce hukumar ba kotu ba ce, kuma ba daidai ba ne ta zama ita ce mai ƙara, ita ce mai bincike, ita ce alƙali. Wannan magana ta taɓa ainihin raunin tsarin. Shugaban Ƙasa ne ke naɗa shugabannin hukumar, minista kuma na iya ba ta umarni, don haka ko ta yi hukunci na gaskiya a kan tashar da ke sukar gwamnati, da wuya jama'a su yarda ba siyasa ba ce.

Inda magana ke cin rai

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka duk wata iyaka da aka sa wa magana zalunci ce. Mazauna unguwannin Hausawa a Kudu maso Gabas da yankin Neja Dalta sun san ba haka ba ne. Zaman nasu ya daɗe, har Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Amma zama ne da labarin da ya taso daga nesa ke iya girgiza shi cikin yini ɗaya.

A ƙarshen Satumbar 1966 an watsa wani rahoto daga rediyon Kwatano cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, rediyon Kaduna ya maimaita shi. Masana tarihi da dama suna lissafa wannan cikin abubuwan da suka rura wutar kisan 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a kwanakin da suka biyo baya. A watan Oktoba gwamnan soja na Gabas, Odumegwu Ojukwu, ya umarci waɗanda ba 'yan yankin ba su fice, Hausawan da suka yi shekaru a can suka bar gidaje da rumfuna. A Fabrairun 2006 zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Denmak ya jawo tarzoma a Maiduguri, aka kashe Kiristoci da dama. Cikin kwanaki kaɗan ramuwar gayya ta faɗa kan 'yan Arewa a Anaca, aka kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka fake a barikin soja ko suka haye gada zuwa Asaba. Mai sayar da albasa a bakin gadar Anaca bai ga zanen ba, bai taɓa zuwa Maiduguri ba. A Satumbar 2017 kuma, bayan rikicin Oyigbo kusa da Fatakwal, sai da tawagar gwamnonin Arewa ƙarƙashin Kashim Shettima na Borno ta zo da kanta ta gana da gwamnonin yankin da shugabannin 'yan Arewa, domin kada abin ya yaɗu zuwa gida.

Yanzu ba sai ta rediyo ba. Direban tirela da ke jiran lodi a Eleme zai iya samun saƙon murya a WhatsApp, wani yana haki yana cewa an tare motoci ana kashe 'yan uwa, a haɗe da bidiyon wata mota tana ci da wuta. Babu sunan gari, babu kwanan wata, mai maganar ma bai faɗi ko shi wane ne ba. Direban ya tura wa zauren 'yan garinsu da kyakkyawar niyya, kafin la'asar saƙon ya kai Kano da Gusau, alhali wataƙila bidiyon na shekarun baya ne ko ma na wata ƙasa. Magana zarar bunu ce. Wanda zai ɗanɗana kuɗar wannan saƙo shi ne ɗan Ibo mai shago a Sabon Gari, bayansa kuma Bahaushe mai rumfa a kasuwar Mil Ɗaya ta Fatakwal. Shi ya sa sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin dabbobi da na gwari sukan yi saurin kiran wakilan sashen Hausa na BBC su faɗi abin da ya faru da bakinsu. Ɓoye gaskiyar hari ma cuta ce, domin idan kafafen da aka sani suka yi shiru, jita-jita ce ke cike gurbin.

Dokokin da ke hawa kan kowa

Mazaunin Fatakwal ko Anaca ko Inugu yana ƙarƙashin kundin laifuffukan Kudu ne, ba Final Kod ko dokokin shari'ar Musulunci na jihohin Arewa ba, ko da kuwa shi ɗan Katsina ne. A wannan kundi, sashe na 59 ya tanadi ɗaurin shekara 3 ga wanda ya yaɗa labarin ƙarya da zai firgita jama'a. Sashe na 375 ya tanadi shekara 1 ga mai ɓata suna, shekara 2 idan ya san ƙarya yake yi. Sashe na 377 ya ba wanda ake tuhuma mafita, amma da sharaɗi biyu a haɗe: maganar ta kasance gaskiya, kuma faɗinta ya kasance da amfani ga jama'a. Bayyana cewa shugaban kasuwa ya cinye kuɗin haraji ya cika sharaɗin idan akwai hujja. Tona asirin gidansa bai cika ba, ko mutane na marmarin ji. Abin da jama'a ke son ji daban, abin da zai amfane su daban. A ƙarar neman diyya kuwa, wadda mutum ke shigarwa da kansa, tabbatar da gaskiyar maganar ya wadatar. Wanda ya tura ƙazafin da wani ya rubuta shi ma ya yaɗa shi a idon doka, cewa "turo mini aka yi" ba ya wanke shi.

Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta fi kowace kusa da mai riƙe da waya. Sashenta na 24 a farko ya haramta saƙon da zai ɓata wa wani rai ko ya zama cin mutunci, da tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3. Faɗin kalmomin ya sa aka yi ta kama 'yan jarida da masu suka a Facebook da shi. Kotun ECOWAS ta ce a 2020 sashen ya tauye 'yancin magana, kuma a Fabrairun 2024 aka gyara shi, aka taƙaita shi ga saƙon batsa da kuma ƙaryar da mutum ya yaɗa da gangan domin tada hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. Sashe na 26 ya haramta yaɗa barazana ko zagi a kan mutane saboda ƙabilarsu ko addininsu. Wannan sashe yana kare Bahaushen Oyigbo daga mai kiran a kore shi, yana kuma hawa kansa idan shi ne ya rubuta irin wannan a kan maƙwabtansa. Kotun ta ECOWAS ce kuma ta yanke a 2022 cewa rufe Twitter da gwamnatin tarayya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya saɓa doka.

Fina-finai suna da tasu hukumar tacewa ta ƙasa tun 1993, wadda ke duba na dillalan titin Iweka a Anaca da na Kannywood baki ɗaya, Kano kuma ta kafa tata a 2001.

Neman bayani da kai koke

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a ranar 28 ga Mayu 2011, ta juya al'adar da dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta kafa. Kowane mutum, ba ɗan jarida kaɗai ba, yana iya neman takarda daga ma'aikatar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Ma'aikatar tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa. Idan ta ƙi, dole ta rubuta dalili, mai nema kuma yana da kwana 30 ya kai ƙara. Jami'i ko ma'aikatar da aka samu da hanawa ba bisa ƙa'ida ba za a ci tarar naira 500,000. Wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani, ko ya faɗa da baki jami'in ya rubuta ya ba shi kwafi. Akwai bayanan da aka keɓe, kamar na tsaro da na sirrin mutum, amma a yawancinsu dokar ta ce a bayar idan amfanin jama'a ya rinjayi illar bayarwar. An daɗe ana gardamar ko dokar ta hau kan jihohi, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau. Ƙungiyar 'yan kasuwar da aka ce za a tashi kasuwarsu tana iya amfani da ita ta nemi takardar da aka yanke shawarar, da bayanin inda harajin da suke biya yake shiga.

Wanda kafar yaɗa labarai ta yi wa ba daidai ba yana da matakai kafin kotu. Na farko ya rubuta wa editan jaridar ko manajan tashar, ya faɗi ranar da aka buga ko aka watsa abin, da kalmomin da yake ƙorafi a kai, ya nemi gyara ko a ba shi damar mayar da martani, domin ƙa'idojin NBC da na aikin jarida duk sun tanadi wannan haƙƙi. Idan rediyo ne ko talabijin kuma ba a saurare shi ba, sai ya kai wa hukumar, wadda ke da ofishin shiyya a Inugu. Idan jarida ce, akwai Majalisar Kula da Jaridu da aka kafa a 1992, da kuma kwamitin sauraron koke da masu jaridu da editoci da ƙungiyar 'yan jarida suka kafa da kansu a 2023. Gara a yi saurin rubuta koken, domin tashoshi ba sa ajiye faifan shiri har abada, kuma a ajiye kwafin jaridar ko hoton saƙon da kwanan watansa. Neman diyyar kuɗi saboda ɓata suna kuwa sai a Babbar Kotun jiha, domin babu ɗaya daga cikin waɗannan hukumomi da ke da ikon ba da ita.